Yadda ake binciken tarihin zaɓen shugaban majalisar birnin Yamai

A lokutan da birnin ke da zaɓaɓɓiyar majalisa, kafin a rusa ta a watan Afrilun 2024, mazauna Yamai ba sa jefa wa shugaban majalisar birni ƙuri'a da hannunsu. Abin da suke zaɓa shi ne kansiloli, ta hanyar jerin sunayen da jam'iyyu suka gabatar, sa'an nan kansilolin su hallara a zauren ma'aikatar magajin gari su fitar da shugaba daga cikinsu. Wannan tsari shi ne tushen yawancin gardamar da ake ji a fada da rumfunan masu shayi idan aka taɓo tarihin magadan garin, domin wanda ya fi jama'a ranar da aka yi layi a rumfunan zaɓe ba lalle ne ya zama wanda ya hau kujera ranar zaman majalisa ba. Wannan jagora an rubuta shi ne domin ɗalibin da zai rubuta kundin kammala karatu, da ɗan jaridar da aka ba aikin shirya waiwaye, da duk mai son ya tabbatar da abin da ya ji daga bakin manya kafin ya yaɗa shi. Zan riƙa komawa ga zaɓen 1956, wanda ya ba Yamai zaɓaɓɓen magajin garinta na farko, saboda a cikinsa ne ake ganin kusan duk tarkon da mai bincike zai iya faɗawa.

A fara da tantance kujerar da ake magana a kanta

Kalmar “magajin gari” a bakin Bahaushe ta haɗa muƙamai da dama waɗanda a kan takarda sunayensu da ikonsu suka bambanta, kuma wanda bai raba su tun da farko ba zai cakuɗa zaɓaɓɓe da naɗaɗɗe. Kafin 1956 jami'in mulkin mallaka ne ke riƙe da harkokin garin. Dokar Faransa ta ranar 18 ga Nuwamban 1955 ce ta sa Yamai cikin biranen da za su sami majalisa da magajin gari na zaɓe, tare da takwarorinta irin su Bamako da Abijan da Konakiri. Bayan samun mulkin kai a 1960 ƙasar ta kasance ƙarƙashin jam'iyya ɗaya, bayan juyin mulkin 1974 kuma naɗa masu riƙon birnin aka riƙa yi. Zaɓen ƙananan hukumomi na ranar 24 ga Yulin 2004 ya dawo da zaɓaɓɓun majalisu a faɗin ƙasa, sa'an nan dokokin watan Satumban 2010 suka mai da Yamai da Maraɗi da Tawa da Damagaram birane masu matsayi na musamman. Daga nan ne aka sami laƙabin da ake rubutawa “président du conseil de ville”, wato shugaban majalisar birni, wanda jama'a ke kira babban magajin gari domin a bambanta shi da magadan garin da'irori. Yamai tana da da'ira 5, Damagaram 5, Maraɗi 3, Tawa kuma 2.

Saboda haka aikin farko shi ne mai bincike ya ja layi a takarda ya rubuta sunan mutumin, da laƙabinsa kamar yadda yake a Faransanci a takardun hukuma, da hanyar da ya hau, da hanyar da ya sauka. Wannan ɗan jadawali kaɗai zai nuna masa cewa Mouctar Mamoudou, wanda ya riƙe birnin daga 2017, shugaban kwamitin riƙo ne da gwamnati ta naɗa, kuma jami'an da suka karɓi biranen bayan rusa majalisu a watan Afrilun 2024 su ma naɗa su aka yi. Wanda ya je neman takardar zaɓen waɗannan zai ɓata kwanaki yana neman abin da ba a taɓa rubutawa ba.

Ranaku biyu, da kwanakin da ke tsakaninsu

A nan ne aikin yake, kuma a nan ne yawancin rubuce-rubucen da nake gani suke yin tuntuɓe. Kowane zaɓen shugaban majalisar birni yana da rana biyu, ranar da jama'a suka zaɓi kansiloli da ranar da kansiloli suka zaɓi shugaba, kuma abin da ya yanke hukunci galibi yana faruwa ne a kwanakin da ke tsakani, a zaurukan shugabannin jam'iyyu da ɗakunan baƙi, inda ba a ajiye magatakarda. Ya kamata mai bincike ya ware wa kowanne daga cikin ukun nan shafinsa, kada ya yarda bayanin ɗaya ya tsallaka cikin na ɗaya.

Mu ɗauki 1956. A shekarar manyan ƙungiyoyin siyasa uku ne ke fafatawa a Yamai. Akwai PPN, reshen Nijar na RDA, ƙungiyar siyasar da ta game yankunan Afirka da Faransa ke mulka, ta Diori Hamani da Boubou Hama, wadda ke da ƙarfi a tsakanin malaman makaranta da ma'aikatan gwamnati na yammacin ƙasar. Akwai UDN, wadda Djibo Bakary ya kafa a 1954 bayan ya raba gari da PPN, kuma ƙarfinta yana wurin ƴan ƙwadago da direbobi da ƙananan ƴan kasuwa da masu sana'ar hannu, waɗanda ita kanta take kira talakawa. Sai kuma BNA ta Georges Condat da Issoufou Saïdou Djermakoye, wadda ke jingine da sarakuna. Diori da Djibo ƴan uwa ne, dukansu haifaffun Soudouré ne da ke bakin kogi kusa da Yamai, kuma dukansu sun yi karatun koyarwa a makarantar William Ponty ta Senegal. Djibo ya yi karatun firamare a Tawa, abin da ya sa Hausa ta zauna a bakinsa. A watan Yunin 1956 dokar da Gaston Defferre, ministan ƙasashen ƙetare na Faransa, ya kawo ta bai wa kowane baligi, mace da namiji, damar jefa ƙuri'a, wato masu zaɓen da suka fito a ƙarshen shekarar sun wuce na da nesa ba kusa ba.

An zaɓi kansiloli ranar 18 ga Nuwamban 1956. PPN ta fi UDN kujeru, amma ba ta kai yawan da zai ba ta damar naɗa magajin gari ita kaɗai ba, sai ya zama ƴan kujerun BNA su ne za su rinjayar da ma'auni. BNA ta koma wajen Djibo Bakary, aka zaɓe shi magajin gari, sa'an nan UDN da BNA suka narke cikin jam'iyya guda mai suna MSA, wadda ke da alaƙa da jam'iyyar gurguzu ta SFIO da ke riƙe da gwamnati a Faris a lokacin ƙarƙashin Guy Mollet. Wanda ya tsaya ga sakamakon ranar farko kaɗai zai rubuta cewa PPN ce ta ci Yamai, wanda kuma ya tsaya ga rana ta biyu zai rubuta cewa jama'ar Yamai sun juya wa PPN baya, kuma dukansu biyu sun yi kuskure. Tambayar da ta cancanci kundi guda ita ce yadda aka yi jam'iyyar da ta yi suna wajen sukar zaluncin sarakuna ta ƙulla ƙawance da jam'iyyar da sarakuna ke riƙe da ita, da abin da kowane ɓangare ya sa rai zai samu.

Hanyar da ake bi a kusanci amsar irin wannan tambaya ita ce a duba abin da ya biyo baya, domin yarjejeniyar da ba a rubuta ba takan bayyana a rabon muƙamai. A zaɓen majalisar yanki na ranar 31 ga Maris 1957 MSA ta sami kujeru 41 daga cikin 60, kuma a watan Mayu Djibo ya zama mataimakin shugaban majalisar gwamnati, wato ɗan ƙasa mafi girman muƙami a ƙarƙashin gwamna Bafaranshe. Mai bincike ya jera sunayen ministocin wannan gwamnati da na mataimakan magajin gari, ya rubuta asalin jam'iyyar kowa kafin haɗewar, zai ga farashin ƙuri'un da aka bayar a zauren majalisar birni. Haka kuma ya duba inda ƙawancen ya tsinke. Da aka zo ƙuri'ar raba gardama ta ranar 28 ga Satumban 1958, Djibo ya yi kira a ce “a'a” ga tayin Janar de Gaulle, shugaban gwamnatin Faransa, na ci gaba da zama tare da Faransa, manyan abokan tafiyarsa na ɓangaren sarakuna suka janye, “i” ta yi rinjaye, kuma kafin ƙarshen shekarar Diori Hamani ne ke riƙe da gwamnati. A ganina, wanda bai fahimci yadda aka ƙulla igiyar a Nuwamban 1956 ba ba zai iya bayyana yadda ta tsinke cikin ƙasa da shekara biyu ba.

Ga zaɓuɓɓukan baya-bayan nan ma lissafin bai canja ba. Kafin a rusa ta a 2024, majalisar birnin Yamai tana da zaɓaɓɓun kansiloli 45, wato mai neman fiye da rabi yana buƙatar ƙuri'a 23. Sai mai bincike ya rubuta yawan kujerun kowace jam'iyya, ya tara na waɗanda suka shelanta ƙawance, ya gwada jimillar da ƙuri'un da ɗan takararsu ya samu a zauren. Idan jimillar ƙawancen 25 ce, a misali, amma ɗan takarar ya tashi da 28, to akwai mutum uku daga wancan ɓangare da suka saɓa wa umurnin jam'iyyarsu, idan kuma ya tashi da 22, ɓarakar daga cikin gida take. Ƙuri'ar a asirce ake jefa ta, saboda haka lissafi zai nuna yawan waɗanda suka sauya, amma ba zai nuna sunayensu ba. Kada mai bincike ya rubuta sunan wani a matsayin wanda ya ci amana don kawai ana faɗa a gari, sai dai idan mutumin da bakinsa ya amsa, ko jam'iyyarsa ta hukunta shi a rubuce.

A karanta dokar lokacin

Kowane zaɓe da dokar da aka gudanar da shi a kanta, kuma kuskure ne a auna 1956 da ma'aunin 2010. Ga zaɓuɓɓukan 2011 da 2021 abin da za a nema shi ne kundin dokokin ƙananan hukumomi na ranar 17 ga Satumban 2010, da dokar birane masu matsayi na musamman, da kundin zaɓe na lokacin. Daga cikinsu a tsamo amsar waɗannan tambayoyi: wane ne ke kiran zaman farko, wane ne ke jagorantarsa kafin a sami shugaba, mutum nawa ne za su hallara kafin zaman ya halatta, wane irin rinjaye ake nema a zagayen farko, kuma me ake yi idan ba a same shi ba. Sai a ɗora abin da ya faru a kan abin da doka ta ce, duk inda suka saɓa a sa alama, domin a nan ne ƙararraki ke fitowa.

Akwai abubuwa biyu da ke yawan ruɗa masu ƙirga. Na farko, a tsarin dokokin 2010, sarakunan gargajiya da ƴan majalisar dokoki na yankin suna da wurin zama a majalisar birni bisa matsayinsu, ana jin shawararsu amma ba sa jefa ƙuri'a, saboda haka yawan mutanen da ke cikin hoto ba shi ne yawan masu zaɓe ba. Na biyu, kansilan da bai samu zuwa ba yana iya kasancewa wani ya tsaya a madadinsa bisa ƙa'ida, don haka a duba takardar halarta da kyau a ga wanda ya sa hannu da matsayin da ya sa hannun. Wanda kuma yake son ya bi sawun shigar mata majalisar, ya tuna cewa dokar kaso ta shekarar 2000 ta fara ne da kashi 10 cikin 100 na kujerun zaɓe, aka ɗaga zuwa 15 a 2014, sa'an nan zuwa 25 a 2019, kuma wannan ne ya sa majalisar da aka zaɓa ranar 13 ga Disamban 2020 ta bambanta da ta ranar 11 ga Janairun 2011 ta wannan fuska.

Inda takardun suke

Takardar da ta fi kowace daraja ita ce rahoton zaman da aka yi zaɓen, wanda ma'aikata ke kira PV, domin a cikinsa ne ake samun ranar zaman da sunayen waɗanda suka halarta da ƴan takara da ƙuri'un kowane zagaye. Wurin nemansa na farko shi ne ma'aikatar magajin gari, na biyu kuma ofishin gwamna, tun da wakilin gwamnati ne ke sa ido kan ayyukan majalisar kuma ana aika masa kwafi. A tafi da wasiƙar neman izini daga jami'a ko daga gidan jaridar da mutum yake wa aiki, a rubuta ainihin abin da ake nema da shekararsa, kuma a shirya wa komawa fiye da sau ɗaya. Wanda ya ce wa ma'aikacin ajiya “ina son duk abin da ya shafi magadan gari” ya ɗora masa kayan da ba zai ɗauka ba, amma wanda ya ce “ina neman rahoton zaman farko na majalisar birni na 2011” ya ba shi abin da zai iya nemowa.

Ga zamanin mulkin mallaka, takardun sun rarrabu wuri uku. Akwai gidan adana takardun tarihi na ƙasa a Yamai, akwai na Dakar inda gwamna janar na Afirka ta Yamma ta Faransa yake zaune, akwai kuma na Aix-en-Provence a Faransa inda takardun ma'aikatar ƙasashen ƙetare suke. Rahotannin siyasa da gwamna da jami'an tsaro suke aikawa suna cike da bayani kan tarurruka da ƙawance, amma a karanta su da sanin cewa marubutansu ba ƴan kallo ba ne, suna da wanda suke so da wanda suke tsoro, kuma sun daɗe suna kallon Djibo a matsayin ɗan kwaminis. Mujallar gwamnati da ake buga dokoki da ƙudurori a cikinta ita ce wurin tabbatar da ranar naɗi ko tsigewa. Ɗakin karatu na cibiyar binciken ilimin ɗan Adam, IRSH, ta Jami'ar Abdou Moumouni yana da tsofaffin kundaye da rahotanni, cibiyar CELHTO kuma aikinta shi ne tarihin baka.

Kada a ɓata lokaci wajen neman muryar rediyon ƙasa ta ranar zaɓen 1956, domin sai a 1958 aka buɗe gidan rediyon Nijar. Ga zaɓuɓɓukan baya-bayan nan kuwa, jaridun Le Sahel da Sahel Dimanche suna kawo rahoton zaman da jawabin wakilin gwamnati, jaridu da gidajen rediyo masu zaman kansu kuma su ne ke kawo ƙorafin wanda ya faɗi, don haka a haɗa biyun. Idan an kai ƙara, hukuncin kotu yakan maimaita hujjojin ɓangarorin biyu dalla-dalla, kuma sau da yawa ya fi kowace jarida amfani. Abin da aka samu a Facebook ko WhatsApp a ɗauki hotonsa da ranarsa a ajiye, amma a riƙe shi a matsayin alamar inda za a tona, har sai an sami takarda ko shaida da ta tabbatar da shi.

Zama da manya

Waɗanda suka jefa ƙuri'a a 1956 yanzu sun haura shekara 90, kuma kaɗan ne suka rage, saboda haka yawancin abin da za a samu zai fito ne daga ƴaƴansu da ƙannensu da matan da suka yi wa jam'iyyu waƙa da girki a lokacin yaƙin neman zaɓe. A fara da tsofaffin unguwanni irin su Zongo da Maourey da Kalley da Gamkalé da Yantala da Goudel, kuma a tuna cewa Yamai ta lokacin ƙaramin gari ce a gaɓar hagu ta kogi, domin gadar Kennedy sai a 1970 aka buɗe ta, kuma a bayanta ne Harobanda ta bunƙasa. Wasu tsofaffin unguwannin ma an tashe su, kamar Gaweye, mutanensu suka koma wasu wurare, don haka wani lokaci shaidar tsakiyar gari a gefen gari za a same shi.

Ba a faɗa wa dattijo da na'urar ɗaukar murya a ziyarar farko. A nemi wanda ya san gidan ya yi jagora, a bi ta hannun mai unguwa ko limamin masallacin idan da hali, a tafi da goro ko sukari da ganyen shayi, a gaisa a tsanake, a bayyana ko ɗan wane ne da abin da ya kawo mutum. A ce “Baba” ko “Alhaji”, a ce “Inna” ko “Hajiya”, idan mai sarauta ne a ce “ranka ya daɗe”, kuma a nemi izini a fili kafin a kunna na'ura, a kuma tambaya ko ya yarda a ambaci sunansa. Idan Zabarmanci ya fi sauƙi a bakinsa, a bar shi ya yi da shi a samo mai fassara, domin abin da mutum zai faɗa da harshen da aka yi abin da shi ya fi wanda zai faɗa da harshen aro.

Wannan taka-tsantsan yana da dalili na musamman a batun 1956. Jam'iyyar Djibo, wadda daga baya aka fi sani da Sawaba, an haramta ta a 1959, kuma bayan yunƙurin tawayen 1964 da harin da aka kai wa Diori a filin Idi a watan Afrilun 1965 an kama magoya bayanta da yawa, wasu sun mutu a tsare, wasu sun yi gudun hijira. Akwai gidajen da suka yi shekaru ba a ambaton sunan jam'iyyar a cikinsu, akwai kuma gidajen ƴan RDA da suke ganin an mai da iyayensu azzalumai a bakin ƴan baya. Idan dattijo ya yi shiru ko ya kauce, kada a matsa masa, a sauya magana a dawo wata rana.

Tambayoyin ma a san yadda za a jera su. Dattijo ba zai tuna “18 ga Nuwamba” ba, amma zai tuna ko an gama girbi, ko a lokacin yana aiki a wane kanti, ko kafin auren wace ƴar'uwarsa ne. Ba lalle ne ya san haruffan UDN ko PPN ba, amma ya san raƙumi alamar Sawaba da giwa alamar RDA. A tambaye shi inda aka yi taro, da wanda ya yi jawabi, da waƙar da aka rera, da abin da aka ce a unguwa da labari ya zo cewa an naɗa Djibo. A kuma riƙa rarrabe masa abin da ya gani da idonsa da abin da ya ji, cikin ladabi, da tambaya irin ta “Baba, kana wurin, ko labari ya iske ku?” Babbar matsalar ita ce zaɓuɓɓuka sun yi yawa a ɗan tsakanin nan, na Janairun 1956 da na Nuwamban 1956 da na Maris 1957 da ƙuri'ar Satumban 1958 da zaɓen Disamban 1958, kuma a ƙwaƙwalwar mutane da yawa sun dunƙule sun zama zaɓe guda. Idan dattijo ya fara maganar “i” da “a'a”, to ya tsallaka 1958, sai a bar shi ya gama a rubuta, sa'an nan a dawo da shi baya a hankali.

Idan bayanai suka saɓa

Za su saɓa, kuma hanyar warwarewa ita ce a tambayi kowane bayani abu uku: wane ne ya faɗa, yaushe ya faɗa, kuma me zai samu idan aka yarda da shi. Takardar da aka rubuta a ranar ta fi wadda aka rubuta bayan shekara 30 ƙarfi wajen kwanan wata da adadi, amma shaidar baka ta fi ta ƙarfi wajen dalili da yanayi. Sau da yawa saɓanin kwanan wata ba saɓani ba ne, wani ya kawo ranar zaɓen kansiloli, wani ranar zaɓen shugaba, wani kuma ranar da aka miƙa masa aiki, kuma a zamanin yanzu tsakanin waɗannan yana iya kai watanni. An zaɓi kansiloli a Disamban 2020, amma sai a Afrilun 2021 suka zaɓi Oumarou Dogari shugaban majalisar birnin Yamai. Idan littattafai biyar suka kawo adadi iri ɗaya, a bincika ko ba daga tushe ɗaya suka kwafo shi ba, domin idan haka ne shaida ɗaya ce aka maimaita sau biyar. Sunaye ma a kula da su, tun da rubutun Faransanci yakan kawo sunan mutum ɗaya ta fuska biyu ko uku, sai a zaɓi ɗaya a tsaya a kansa a ambaci sauran sau ɗaya.

Kada a rufe binciken a ranar da aka yi wa sabon shugaba barka, a bi shi har saukarsa, domin yadda wa'adin ya ƙare yakan fassara yadda aka fara shi. Dogari na jam'iyyar MODEN-FA Lumana an zaɓe shi karon farko a 2011 lokacin da jam'iyyarsa ke cikin ƙawancen da ke mulki, Lumana ta fice daga ƙawancen a watan Agustan 2013, majalisar ministoci kuma ta tsige shi a ƙarshen Satumban shekarar. Gwamnati ta danganta matakin da yadda ake tafiyar da harkokin birnin, magoya bayansa kuma suka ce siyasa ce, kuma aikin mai bincike shi ne ya kawo maganar kowane ɓangare da sunan mai ita, ya jera ranakun, ya bar mai karatu ya auna. Assane Seydou da ya gaje shi an tsige shi a watan Yulin 2017, aka rusa majalisar aka kafa kwamitin riƙo, kuma zaɓen ƙananan hukumomi da ya kamata a yi a 2016 bai samu ba sai a ƙarshen 2020.

Wanda zai yi irin wannan aiki a Tawa zai bi matakan nan duka, sai dai ya tuna cewa laƙabin shugaban majalisar birni a can ma daga dokokin 2010 ya samo asali, kuma takardun da suka gabaci wannan lokaci suna ƙarƙashin wasu sunayen hukumomi, saboda haka da sunan da hukumar take ɗauke da shi a shekarar da ake nema za a tambayi ma'aikacin ajiya. Duk takardar da aka ba shi ya ɗauki hotonta tare da bangon fayil ɗin da lambarsa kafin ya mayar, duk murya da ya ɗauka kuma ya rubuta ranar da wurin da sunan mai fassara a farkonta, ya ajiye kwafi biyu a wurare daban-daban, ya kai wa iyalin dattijon kwafi guda.